Ban ruwa ba ɓarna: yadda ake tsara rezo da ɗigo-ɗigo a lambu, da yadda ake kula da su

Da an kawar da hatsi daga gona an zuba a rumbu, hankalin mutanen fadama sai ya koma lambu. A Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, a Korama ta jihar Damagaram, a kwarin Maggiya da na Tarka cikin jihar Tawa, har zuwa bakin kogi a Yamai, aikin ɗaya ne: a ɗago ruwa a kai shi gindin shuka. Albasa, tumatir, kabeji, salati, tattasai, zogala, duka ruwa suke jira kullum. To amma duk mai lambu ya san abin da ke faruwa in bazara ta kama. Rijiyar da ake ja da safe a samu, da rana sai laka. Injin na shan mai, fangali na bushewa.

Da yawa cikin masu sauraronmu da ke ci-rani ko zaune waje su ne ke aiko da kuɗin sayen inji, tiyo ko fanon hasken rana. Wani ya tara gumin shekara ya aiko, bayan rani ɗaya a ce masa kayan sun toshe an jingine su bayan ɗaki. Wannan bayani na mai lambu ne da kuma mai aiko da kuɗi, don kowa ya san abin da ake dubawa tun kafin a sayi komi.

Ina ruwan ke tafiya?

Ruwan da aka ɗago daga rijiya ba duka ne shuka ke sha ba. Wani na nutsewa cikin hanyar ruwa ta ƙasa tun kafin ya kai fangali, musamman in ƙasar rairayi ce. Wani rana da iska ke kwashewa. Wani kuma na zarce saiwa ya wuce ƙasa, ya tafi da takin da aka sa. Saura ciyawa ta sha.

Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tana da ƙiyasin da masana ke aiki da shi. Cikin lita 100 da aka saki a fili, in malala ruwa aka yi, kamar lita 60 ne ke amfanar shuka. In feshi ne irin na yayyafi, kamar 75. In ɗigo-ɗigo ne da aka tsara da kyau, kamar 90. Wannan lissafin na cikin fangali ne kawai, ban da abin da ya salwanta a hanya. Ke nan mai malala ruwa ta doguwar hanyar rairayi, asararsa ta fi haka. Kuma kowace lita da ta ɓace an riga an biya kuɗin manta, ko an sha wahalar janta da guga.

Ruwa nawa shuka ke buƙata?

Ma'aikatan gona na auna ruwan shuka da milimita, kamar yadda ake auna ruwan sama. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi. A ƙasarmu, kayan lambu da suka girma suka rufe ƙasa na shan kamar lita 5 zuwa 6 a kowace murabba'in mita a rana lokacin ɗari, a watannin Disamba da Janairu. Cikin zafin Afirilu da Mayu abin na iya kai lita 8. Shukar da aka dasa ba da daɗewa ba ba ta shan haka, amma saiwarta gajera ce, sai an dinga ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai.

Ga misali. Lambu mai mita 10 a kan mita 10, murabba'in mita 100 ke nan. In ana son lita 6 a kowace mita, lita 600 ce a rana, wato tano uku masu lita 200. Lambu mai murabba'in mita 500 cikin tsananin bazara zai nemi lita 4,000 kullum. To kafin mutum ya faɗaɗa lambu, sai ya tambayi kansa: rijiyata na ba da wannan ruwan a watan Afirilu? Ruwan watan Nuwamba yaudara ne, don lokacin ƙasa ba ta daɗe da shan damina ba. Girman lambu a yanke shi bisa ruwan bazara.

Irin ƙasa ma na da magana. A jigawa, ruwa sauka yake yi miƙe, ba ya bazuwa gefe, kuma ba ya daɗewa. Nan ana ba da ruwa kaɗan amma kullum, wani lokaci safe da marece. A ƙasar laka ta fadama ruwa na bazuwa yana zama, sai a ba da tazara, in ba haka ba saiwa ta ruɓe. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: a tona gefen shuka kamar tsawon hannu, a damƙi ƙasa. In ta dunƙule ba ta ɗiga, ruwa ya isa. In ta watse, ƙishi ne. In ruwa na fita tsakanin yatsu, an yi yawa.

Rezo kaliforniye

Wannan tsarin ya bazu sosai a lambunan Nijar. Maimakon hanyar ruwa ta ƙasa, ana binne tiyon roba mai kauri, irin na PVC, kamar rabin mita ƙarƙashin ƙasa, daga bakin rijiya zuwa cikin lambu. Nan da can sai a fito da baki sama, wanda ake kira born. Inji na tura ruwa cikin tiyon, mai lambu ya buɗe born ɗin da ke kusa da fangalin da yake so, ya rufe saura.

Amfaninsa shi ne ruwa ba ya ɓacewa a hanya, yana iya hawa tudu kaɗan, kuma filin da hanyar ruwa ta ci ya dawo na shuka. Abin lura wajen tsarawa:

A sa born a wurin da ya fi tudu cikin kowane yanki, don ruwa ya gangara da kansa.

Kada a sayi tiyo siriri don arha. Ƙaramin tiyo na shaƙe ruwa, injin ya yi ta wahala yana shan mai. Faɗin tiyo ya dace da ƙarfin injin, kuma wannan tambaya ce ta malamin gona ko mai haɗa kayan.

A rage lanƙwasa da kwana-kwana, kowace kwana na rage ƙarfin ruwa.

Tiyon PVC ba ya son rana. Wanda aka bari a fili yana bushewa ya fashe. A binne shi, inda ya fito sama kuma a ɗaure shi da siminti ko a kare shi daga dabbobi da amalanke.

Kada a tada inji alhali duk born a rufe suke. Ko da yaushe a bar ɗaya a buɗe, in za a canza sai a buɗe na gaba kafin a rufe na baya.

Rezo na gyara tafiyar ruwa ne zuwa fangali. Cikin fangalin kuwa malala ce har yanzu, don haka sai an daidaita ƙasar ta kwanta sosai. Fangalin da ya karkata, gefe ɗaya tafki, gefe ɗaya ƙishi.

Ɗigo-ɗigo, ko gut-a-gut

Nan ruwa na bi ta siraran tiyo baƙaƙe da aka shimfiɗa bisa layin shuka, yana fita ɗigo-ɗigo ta ƙananan ƙofofi daidai gindin kowace shuka. An bunƙasa irin na zamani a ƙasar Isra'ila, inda injiniya Simcha Blass ya yi aiki a kansa, aka kuma kafa kamfanin Netafim a 1965 don ƙera shi. A Nijar, cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki a kan irin wanda ba ya buƙatar matsin inji, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dov Pasternak. Tanki ne kawai a ɗaga sama, ruwa ya sauko da nauyinsa. Shi ne wanda ya fi dacewa da ƙaramin lambu na gida ko na ƙungiyar mata.

Kayansa biyar ne: tanki ko tano, makunnin ruwa, matata, babban tiyo mai raba ruwa, da siraran layuka masu ɗigo. Wajen tsarawa a kiyaye waɗannan:

Gindin tanki ya ɗaga aƙalla mita 1 bisa ƙasar lambu, a kan gini mai ƙarfi. Tano cike da ruwa ya haura kilo 200, kada a ɗora shi kan itacen da gara ta ci, balle inda yara ke wasa.

Fili ya zama shimfiɗaɗɗe. In akwai gangare, tanki ya zauna ta sama, layuka kuma su bi gicciyen gangaren. In suka bi gangaren, na ƙasa zai sha ya ƙoshi na sama ya bushe.

Layi kada ya yi tsawo. Ruwan da ke saukowa da nauyinsa ba shi da ƙarfin kai ɗigo nesa daidai wa daida. A tambayi mai kayan iyakar tsawon da aka ƙera layin don shi. In lambu dogo ne, gara babban tiyo ya bi ta tsakiya, layuka su fita dama da hagu.

A raba lambu yanki-yanki, kowane da makunninsa, a haɗa shuke-shuke masu ƙishi iri ɗaya wuri ɗaya. Salati mai gajeriyar saiwa da zogala mai doguwar saiwa ba su shan ruwa ɗaya. In makunni ɗaya ke ba su, dole ɗayansu ya cutu.

Bakin da ruwa ke fita daga tanki ya ɗan ɗaga daga gindi, don laka ta kwanta ƙasa ba ta shiga tiyo ba.

Ɗigo-ɗigo ya fi riba ga abin da ake shukawa layi-layi da tazara: tumatir, tattasai, kabeji, yalo, kankana, kuɓewa, itatuwa. Albasa da karas da ake cusawa kusa-kusa na cin layuka da yawa, kuɗin kaya sai ya hau. Shi ya sa masu babban filin albasa irin ta Galmi da yawa suka tsaya kan fangali da rezo, kuma ba laifi ba ne in an daidaita ƙasa.

Sanin lokacin rufewa ba wuya. A sa ƙaramin kofi ƙarƙashin ɗigo ɗaya minti 10. In aka samu kamar mililita 100, ɗigon na ba da lita 0.6 a awa. In tsakanin layi da layi mita 1 ne, tsakanin ɗigo da ɗigo santimita 30, to kowace murabba'in mita na samun kamar lita 2 a awa, lita 6 sai awa 3. Wanda bai son lissafi, ya zuba ruwan rana ɗaya cikin tanki ya buɗe, in ya ƙare an gama. Kada ganin saman ƙasa a bushe tsakanin layuka ya ruɗe ku. Ruwan na ƙasa wurin saiwa, a tona a gani kafin a ɗauko arozuwar a ƙara.

Abin da ke kashe ɗigo-ɗigo

Toshewa ce babbar cutarsa, kuma iri huɗu ce.

Rairayi da laka: daga rijiyar da ba ta da kyakkyawar matata a ƙasa, ko ruwan tafki da na kogi. Magani, a bar ruwa ya kwanta cikin tanki kafin a buɗe, kuma kada a taɓa cire matata don wai ruwa ya yi sauri. Mai cire matata ya sayi sauri na kwana uku da kuɗin kayan gaba ɗaya.

Gansakuka: tana tsira duk inda ruwa da hasken rana suka haɗu. A rufe tanki ruf, kada a yi amfani da farin tiyo mai nuna haske.

Tsatsa da farin ƙasa: ruwan wasu foraj na fitowa garau, in ya sha iska sai ya yi ja-ja ya bar tsatsa a bokiti. Wani kuma na barin farin busasshen abu a bakin tiyo. Duk biyun na toshe ɗigo a hankali. Kafin a sayi kaya, a ɗebi ruwan a farin bokiti a ajiye kwana ɗaya a gani. In ya canza launi, a kai maganar wurin ma'aikatan gona.

Taki: ana iya narka takin ure cikin ruwa a tace a zuba a tanki, don yana narkewa sarai. Takin 15-15-15 mai ƙwaya ba ya narkewa duka, yana barin gari mai toshewa, shi a ƙasa ake sa shi. Ruwan takin dabbobi ma kada ya shiga tanki. Bayan an ba da taki ta tiyo, a bi da ruwa tsabtatacce ya wanke layuka.

Aikin kullum, na mako, na ƙarshen rani

Kullum: a buɗe matata a wanke kafin ban ruwa. In ruwa na gudu, a zagaya lambu da ƙafa. Inda aka ga tsalle-tsallen ruwa, tiyo ya huje. Inda gindin shuka ya bushe, ɗigo ya toshe, sai a murza wurin da yatsa ko a ɗan buga shi. Kada a sa allura ko ƙaya, ƙofar za ta buɗe ta dinga shanye rabon na gaba.

Kowane mako biyu, ko kowane mako in ruwan mai dauɗa ne: a kwance ƙarshen layuka kaɗan-kaɗan, a bar ruwa ya fita har ya yi fari, a sake ɗaurewa. Ƙarshen babban tiyo ma haka.

Kowane wata: a zubar da ruwan tanki a wanke lakar gindi. A yi gwajin kofi uku, ɗaya a farkon layi, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. In na ƙarshe ya gaza na farko sosai, ko layin ya yi tsawo, ko ya fara toshewa, ko akwai yoyo.

Ɓera da kurege na huda tiyo don ƙishi, hauya na sarewa lokacin noma. A ajiye ƴan mahaɗai a gida, a yanke wurin da ya lalace a haɗa. Ɗaurin leda ba ya daɗewa.

Ƙarshen rani: a wanke layuka, a bar su su tsane, a naɗe a kan faffaɗan abu ba tare da karyawa ba, a rataye a inuwa inda ɓera ba ya kai. Kayan da aka bari a fili dabbobi na takawa duk damina, da wuya su ga rani na biyu.

Akwai kuma maganar gishiri. Ɗigo na tura gishirin da ke cikin ruwa zuwa gefen inda ya jiƙa, shi ne farin zoben da ake gani a ƙasa. Inda damina ke da kyau ruwan sama na wanke shi. Inda ƙasa ke da kanwa, kafin sabon dashe a malala ruwa sosai sau ɗaya ya tura gishirin ƙasa da saiwa.

Inji da fanon hasken rana

Injin da ke zaune bisa ƙasa ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin kamar mita 7 zuwa 8, komi girmansa. In ruwa ya sauka ƙasa da haka, sayen babban inji ba ya magani, sai famfon da ake zurawa cikin ruwa. Wasu na haƙa rami su saukar da injin kusa da ruwa. Jama'a a yi hattara: hayaƙin inji na taruwa cikin rami, ba shi da wari mai tada hankali, kuma yana kisa. Kada kowa ya sauka alhali inji na aiki ko bai daɗe da mutuwa ba.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ga inji maganar haka take. A cika shi da ruwa kafin a tada, in ya yi gudu a bushe yana lalacewa. A duba baƙin mai kullum, a canza shi kan lokaci, a kakkaɓe matatar iska musamman lokacin hunturu. Tiyon zuƙa in yana shan iska ko kaɗan ne, ruwa zai ragu mai ya ƙaru.

Fano kuwa ƙura ce abokiyar gabarsa. A goge shi da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe ko da marece, lokacin da bai yi zafi ba. Kuma tun da rana ba ta aiko da takardar biya, wasu sai su bar famfo na zuba yini guda. Ruwan ƙasa na kowa ne, rijiyar maƙwabci daga nan take sha. A tara a tanki, in ya cika a kashe.

Itatuwan lakkol, likita da ƙofar gida

Kowace shekara ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa ko'ina a ƙasa, amma gwajin na zuwa ne daga Maris zuwa Mayu. Itacen da za a dasa a farfajiya a zaɓi mai jure ƙishi, irin su dogon yaro, aduwa, magarya, gawo. Mangwaro, lemu da gwaiba a sa su kusa da ruwa, wuri ɗaya. Ciyawar ado da ake gani a wasu ofisoshi da otal na shan ruwa kullum kamar lambu, alhali ba a ci ba a sayarwa. In dole ne, a yi ta kaɗan.

Ga ƙaramin itace, a yi masa kwano a gindi, a rufe da kara ko busasshiyar ciyawa, a bar ɗan fili tsakaninta da jikin itacen saboda gara. Ruwa mai yawa sau biyu ko uku a mako ya fi yayyafi kullum, don yana sa saiwa ta bi ƙasa. Tsohuwar dabara ita ce binne tulun ƙasa wanda ba a shafe ba kusa da saiwa, a cika a rufe baki, ya dinga tsattsafo a hankali. A fili mai gangare kuma a yi rabin wata ta tare ruwan damina. Ban ruwa da sassafe ko da marece ake yi, ba da tsakar rana ko cikin iska mai ƙarfi ba.

Kafin a aiko da kuɗi

Ɗan'uwa da ke waje, ga abin da za ka tambayi na gida. Zurfin ruwa mita nawa ne a watan Afirilu, kuma rijiya na jure awa nawa ana ja? Filin mita nawa ne, an auna ko ƙiyasi ne? Me za a shuka, ina za a sayar? An gwada ruwan a bokiti? Akwai shinge? Wa zai wanke matata kullum, an koya masa? In mahaɗi ko matata ta lalace, ana samun irinta a kasuwa mafi kusa?

Kuma kada a kashe kuɗin duka wurin saye. A ware wani abu na gyara da na mai. Gara a fara da ƙaramin yanki rani ɗaya, hannu ya saba, sannan a faɗaɗa. Ma'aikatan gona na komin, da majalisun manoma na jihohi da ke ƙarƙashin RECA, na ba da shawara a kan auna fili da zaɓen kaya, kuma da Hausa ake magana. A je musu da amsoshin tambayoyin nan a hannu.

Allah ya ba mu rani mai albarka, ya sa rijiyoyinmu su kai mu damina.